Turaren da Aka Yi wa Umma

Rigachikun, Litinin

Ƙanwata Mardiyya,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya jikin Umma? Ga ƙullin turare nan daga wurin Malam. Ranar aikin maƙoƙon, ki turara ta da shi sosai kafin ku fita. Kuma ki kama bakinki, kar ki ambaci asmarta. Sau biyu ke nan suna ɗaga aikin nan saboda ɗan tari, ga wuyan sai ƙara kumbura yake. Na san ki da surutu.

Yayarki,
Larai

Abakpa, Alhamis

Yaya Larai,

Wa alaikumus salam. Umma na raye, ki fara da hamdala.

Na yi yadda kika ce. Likitar da ke sa barci, Dakta Hajara, wata 'yar siririya ce, in kin gan ta sai ki raina. Ta sunkuya ta shinshina mayafin Umma, ta ji hayaƙin turaren, ta ce, "Hajiya na da asma?" Na ce a'a, ko kunya babu. 

Ana sa wa Umma bututun numfashi sai ƙirjinta ya tsuke, iska ta ƙi shiga. Nas ɗin da ke ciki ta ce har leɓɓanta sun fara sauya launi. Ashe Dakta ba ta yarda da ni ba, tun kafin a fara ta jera magungunan buɗe ƙirji a gefenta. Ta ƙara na barcin, ta fesa wani ta bututun, tana matsa jakar iska da hannunta a hankali har ƙirjin ya saki. Sannan ta sa aka dakatar da aikin.

Da ta fito na durƙusa ina kuka, na faɗi gaskiyar asmar da turaren. Yaya, ko harara! Ta ɗaga ni ta ce, "Tsoro ne ya sa ku, na sani. Mu yi mata magani wata guda, sai a yi aikin. Amma duk abin da ke shiga ƙirjinta, ku faɗa min."

Wallahi ban taɓa jin kunyar mutum da ƙaunarsa lokaci guda haka ba.

Ki gaida yara.

Ƙanwarki,
Mardiyya

Rigachikun, Juma'a

Mardiyya,

Salam. Na karanta, abinci ya gagare ni. Allah Ya saka wa baiwar Allahn nan da Aljanna.

Akwai saura. Umma na shaƙar garin taba. Shekara uku ke nan ni nake sayo mata a ɓoye, yana cikin gwangwanin man shafawa a ƙasan akwatinta. Kar ki gaya wa Dakta. Gobe ina tafe, da bakina za ta ji.

Yayarki,
Larai