Sunan Yanka

Ƙofar Rini, Sakkwato,
9 ga Fabrairu, 1960.

Zuwa ga aminina Malam Muntari,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata kana lafiya kai da iyali, kuma maƙogwaronka bai tsage ba wajen juya surutun 'yan majalisa daga Turanci zuwa Hausa. Mu nan sai godiya. Inna tana gaishe ka, ta ce Kaduna ta cinye ka.

Ka tambaye ni ko kuɗin fensho sun fara fitowa. Wata goma sha ɗaya ke nan da na aje aikin masinja, ko anini ban gani ba. Dalilin kuwa in ka ji sai ka yi dariya, ni ma na yi kafin in daina. Ranar da Bature ya ɗauke ni aiki ya tambayi sunana, na ce Na'Allah, don shi na tashi na ji ana kirana da shi. Ka san ni ne ɗan fari, Inna ba ta faɗin sunana, ita ta laƙa mini wannan, duniya ta ɗauka. Da zan bar aiki sai sabon akawu ya ce sunan yanka yake so, na ce Muhammadu Lawwali, ya rubuta. To yanzu wai mu biyu ne: Na'Allah ya yi aikin shekara talatin bai aje ba, Lawwali kuma ya aje aikin da bai taɓa yi ba. Akawun ya nuna mini cewa da ɗan goro za a iya haɗa mu. Na ce goron da nake da shi na taunawa ne.

Ba ni da wata madogara, Muntari. Abin da na tara ka san inda ya tafi, bankin nan na Sabon Gari da muka wayi gari muka tarar da kwaɗo a ƙofarsa. Ba ni da gona, ban iya jimar fata ba, ban iya saƙa ba. Na ji an ce akwai doka gabanku wadda za ta sa a karɓi shaidar iyaye kan sunan mutum, a kuma kafa masu binciken akawuna. Don Allah ka rubuto mini gaskiyar magana.

Ka gaida mai ɗakinka da yara.

Naka,
Na'Allah.

Ƙofar Rini,
20 ga Yuni, 1960.

Malam Muntari,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarka, ina fata zazzaɓin ya sake ka. Takardarka ta iso, na karanta ta har sau uku ko zan sami wani abin kamawa.

Ka ce maganar banki ta Ikko ce, ba taku ba, kuma ko can ɗin dokar ta bankunan gobe ce, ba ta waɗanda suka riga suka gudu ba. Madalla. Ka ce kuma an kwana uku ana gardama kan ko goron da ake ba akawu gaisuwa ce ko rashawa, har wani ya miƙe ya ce in aka ba masu bincike iko, mutum ba zai ƙara gaida surukinsa ba. Da sun aiko mini da kuɗin mota da na zo na raba musu gardamar kafin azahar. Wanda ka ba bayan ya gama maka aiki, gaisuwa ce. Wanda aiki ba ya tashi sai ka bayar, su ma sun san sunansa.

Amma da ka ce sashen shaidar iyaye ya kusa wucewa, sai zuciyata ta yi sanyi. Ofis ma sun ce mai so ya kawo shaidarsa a rubuta ta tun yanzu. Babana ya rasu, liman da wanzamin da suka yi sunana duk sun rasu, Inna kaɗai ta rage. Na ɗauke ta muka tafi. Akawu ya ce ta faɗi sunan yankan ɗanta. Ta ce wannan ne tsaye. Ya sake tambaya, ta ce ai kowa ya san shi. Ya ce baki ake so ya faɗa, sai ta ja mayafi ta rufe fuska har aka kira na bayanmu.

Abin da zan gaya maka ban gaya wa kowa ba. A hanya na ɗaga mata murya. Na ce kunyarta za mu ci a gidan nan? Tsohuwa mai shekara saba'in da wani abu, a tsakiyar titi, gaban masu sayar da fura. Ta ci gaba da tafiyarta. Tun ranar abinci ba ya yi mini daɗi, na ji na tsani kaina.

Ka sa mu a addu'a.

Amininka,
Na'Allah.

Ƙofar Rini,
14 ga Satumba, 1960.

Muntari ɗan'uwana,

Ina gaishe ka, ina gaida iyali, Allah ya sa kuna lafiya. Mu jikinmu lafiya.

Ran Litinin da hantsi Inna ta fito da zanenta na Salla, ta ce in wuce gaba. Ban roƙe ta ba, wallahi tun rannan ban sake tayar da maganar ba. Ashe ta ga Lantana, mai ɗakina, ta fitar da tasoshinta na aure an kai kasuwa. Muka isa ofis cike da mutane. Ta tsaya gaban tebur, idonta a ƙasa, ta ce, "Ɗana na, sunanai Lawwali." Akawu yana magana da wani, bai ji ba, ya ce ta sake. Ta sake. Ya ce ta ɗaga murya, da Muhammadun gaba ɗaya. Ta ɗaga. Wasu samari a bayanmu suka yi dariya. Shekarata hamsin da shida, ranar na fara jin sunana a bakinta, kuma na so ƙasa ta buɗe in shige.

Ran Laraba takardarka ta iso. Na ga kwanan wata, ka rubuta ta tun Alhamis, tana cikin jakar gidan waya sa'ad da muke tsaye gaban akawu. An mayar da dokar kwamiti, an ɗage zama, kowa ya tafi shirin bikin 'yancin kai, sai wani jiƙon. Na koma ofis na tambaya, suka ce shaidar tana nan a aje, amma ba doka, ba ta da amfani. Ba na ganin laifinka. Kada ka ƙara wahalar da kanka da aiko mini labarin majalisa, na ƙoshi.

Inna ba ta ƙara haɗa ido da ni ba. In na shiga gaishe ta da safe sai ta juya wajen bango ta amsa. Ko Na'Allahn ma ta daina kira. Amma kullum tana tambayar Lantana a asirce ko an biya.

Ban gaya mata ba, kuma ba zan gaya mata ba. Gobe zan kai kekena kasuwa, abin da aka ba ni in kawo in zube gabanta in ce na wata na farko ne. Na wata na biyu ban san inda zai fito ba. Alfarma ɗaya nake nema gare ka: in ka zo gida ka shiga gaishe ta, za ta tambaye ka, don ta san kai ne a majalisa. Ka ce mata maganarta ce ta fitar da kuɗin.

Allah ya sada mu da alheri.

Naka har kullum,
Na'Allah.