Na goge gargaɗin, laifin ya faɗa kan Rukayya

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Don Allah a ɓoye sunana, kuma ku karanta har ƙarshe kafin ku zage ni, na riga ku zagin kaina.

Ni mai gyaran lantarkin mota ne a kasuwar kayan mota ta Abossey Okai, a unguwar Nima nake zaune, karatuna bai wuce firamare ba. Ɗiyar ƙanwata, Rukayya, tana cikin masu aikin sa kai da ke rubuta littafin gyaran mota a intanet, na kyauta, wanda kowa zai iya kwafa ko ya gyara. Ita ke duba shafukan Hausa. Ta ce, "Kawu, kai ka san aikin, zo ka taya ni." Ta nuna mini ƙa'idarsu: a saman kowane shafi sai an rubuta irin motar da ƙarfin batirinta, kowane gargaɗi kuma sai an sa masa alama a farko da ƙarshe don ya fito cikin jan akwati. Akwai manhajar da ke dubawa, in daidai ne ta nuna kore, in da kuskure ta nuna ja.

Wata Asabar ta bar mini kwamfutarta a buɗe ta tafi biki unguwar Madina. Shafin motoci masu babban batiri, waɗanda wutarsu ke iya kashe mutum, ya ƙi yin kore. Ni kuwa mutum ne da ke komawa ya taɓa kwaɗon shago bayan ya hau trotro, motar haya, ja ya hana ni sakat. Na gwada, na sake gwadawa, zufa ta jiƙa ni. Kunya ta hana ni kiranta, yaya kawu zai ce wa yarinyar da ya goya ya kasa? Sai na kwafo kan wani shafi na ƙaramar mota na liƙa, na goge layin gargaɗin da ke jawo jan, wanda ke cewa a cire fis ɗin babban batiri a sa safar hannu ta roba. Nan take ya yi kore. Wallahi har hamdala na yi! Wane irin mutum ne ke hamdala a kan wannan?

Makon jiya wani makanike a unguwar Maamobi, Isiyaka, ya bi shafin a wayarsa. Wuta ta jefar da shi, hannunsa na dama ya ƙone. Na je dubiya, yana dariyar ƙarfin hali, ya ce, "Masta, littafin ya ce ƙaramin batiri ne fa, cale, abokina, na ga lahira na dawo."

Duk gyaran da aka yi a littafin yana ɗauke da sunan mai shi, kuma sunan Rukayya ne a kai. An mayar da gargaɗin, amma masu kula da littafin sun dakatar da ita, ranar Lahadi za su zauna su cire ta gaba ɗaya. Wannan aikin ne take nunawa duk inda ta je neman aiki. Jiya ta kawo mini koko, idonta a kumbure, ta ce, "Kawu, na kasa tuna lokacin da na yi shi. Anya kaina lafiya kuwa?" Ba ta ko zarge ni ba. Na sha kokon, na ce mata Allah ya kyauta.

In na faɗa, za su ce ta ba wani kwamfutarta, wataƙila su kore ta duk da haka, ni kuma da wane ido zan kalli ƙanwata da Isiyaka? In na yi shiru, yarinyar nan za ta ci gaba da zargin hankalinta. Lahadi jibi ne. Jama'a, me zan yi?