Motar da Ta Tsani Auta

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, da ɗanka da iyalinsa. Tunda kunnen nan naka ya hana mu magana ta waya, ga takarda ta hannun direban da ya saba zuwa wajenku.

Yaya, jif ɗin da ka bar mini za ta sa ni hawan jini. Wata rana murɗawa ɗaya ta tashi, wata rana in murɗa makulli in ji shiru kamar ba injin a ciki. Abin da ya fi muni, tana cikin tafiya sai ta mutu. Ranar Talata ta yi mini haka ina ɗauke da allurar rigakafin ƙauyuka uku a akwatin ƙanƙara. Na tsaya cikin rana ina kallon akwatin, ina lissafin yaran da ke jira, sai da mai babur ya taimake ni.

Makanikai biyu sun duba. Ɗaya ya canja batir, ɗayan ya canja matatar mai, jiya i yau. Malam, mijina, ya ce ya gaji, har ya samo mai sayen tsofaffin motoci ya farfasa. Na roƙe shi wata guda. Ka yi mini wani abu.

Ƙanwarka,
Auta

Auta,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya. Ki gaya wa mijinki ya tsaya ga allonsa da allinsa. Shekara goma sha tara motar nan tana hannuna, ba ta taɓa kwana a hanya ba.

Kada ki ƙara bari a canja komai. Makanikin da bai ga ciwo ba ya hau sayen kaya, canki-canki yake yi. Ki samo littafi, duk ranar da ta yi halin nata ki rubuta mini: da safe ne ko da rana, injin ya yi zafi ko da sanyinsa, mai nawa ne a tanki, wace irin hanya ce, wa ke tuƙi. Sannan idan ta mutu, kafin ki taɓa komai, ki dubi fitilun gaban sitiyari. Sun kama ne ko sun ɗauke? Wannan ya fi duk sauran muhimmanci.

Ni ina nan zaune. Yaron nan ko ƙwan fitila ba ya bari in canja, wai in huta.

Yayanki

Yaya,

Gaisuwa da fatan alheri. Na yi kwana goma sha biyu ina rubutu kamar 'yar makaranta, abokan aikina har sun fara kirana sakatariyar mota.

Ta mutu sau biyar. Zafin injin ba ruwansa, domin sau biyu ko unguwarmu ban bari ba. Mai kuwa tanki cike ma ta yi. Amma duka biyar ɗin a kan gargada ne, ko na faɗa rami. Fitilun kuma ɗaukewa suke yi gaba ɗaya, har rediyo ya yi shiru.

Ga abin da ya ba ni haushi. A kwanakin nan Malam ya tuƙa ta sau huɗu, har hanyar gonar abokinsa mai duwatsu, ko tari ba ta yi ba. Yanzu ya sami abin tsokana. Ya ce motar lafiyarta lau, ni ce ba ta so. Jiya ina fitowa na same shi yana shafa mata gaba, yana tambayarta me na yi mata. Na yi dariya, amma Yaya, kwanakin da na roƙa saura kaɗan.

Taka,
Auta

Auta,

Na karanta takardarki sau uku, na yi dariya har surukata ta leƙo ta ga ko lafiya.

Idan mai ne ya yanke, fitilu kamawa suke yi. Tunda ɗaukewa suke, wuta ce ke yankewa daga mazaunin makulli. To me ya bambanta hannunki da na Malam a wurin? Na san ki tun kina goye, ba kya yar da komai. Ki ɗauko makullin da kike tuƙi da shi ki ajiye kusa da nasa, ki ƙirga abin da ke rataye jikin kowanne. Sannan ki tayar da motar a tsaye, ki girgiza naki da hannu, ki ga abin da zai faru.

Yayanki

Yaya na kaina,

Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana. Na ƙirga. Na Malam makulli ɗaya ne tal a jikin zare. Nawa, ban da na motar, goma sha biyu: na gida, na asibiti, na ɗakin magani, na firij, na kabad biyu, da wasu huɗu da ni kaina ban san ƙofarsu ba, ga ɗan almakashi da tocila. Duk wannan kaya shekara uku yana lilo a wuyan makullin.

Na tara Malam da maƙwabcinmu tela su zama shaida. Na tayar da ita, na girgiza tarin makullan, nan take ta mutu. Na sake, ta sake. Sai na zare makullin motar shi kaɗai, muka bi hanyar da ta fi kowace lalacewa, ina faɗa wa ramuka da gangan, tela yana salati a baya. Ba ta ko yi gyatsa ba.

Da muka dawo Malam ya ce, "Mutumin da ba ya ji, daga nesa, da biro kawai." Da kansa ya kira mai sayen ya ba shi haƙuri. Makon nan na zaga ƙauyuka shida, kowane yaro ya samu allurarsa a kan lokaci.

Makanikinmu ya ce duk da haka mazaunin makullin ya cinye, a canja shi. Na ce ba mai taɓa ta sai na ji daga bakinka.

Ƙanwarka mai godiya,
Auta

Auta,

Gaskiyarsa, a canja. Amma ba shi zai canja ba. Ki sayo sabo ki kawo mini motar ranar Asabar.

Na sa an ciro akwatin kayan aikina daga ƙarƙashin gado, tun shekaranjiya nake goge sifanu. Jikokina sun zagaye ni suna tambayar sunan kowanne, ashe ba su san kakansu ya taɓa yin wata sana'a ba. Rabon da wani ya tambaye ni abin da na sani, tun ranar da na rufe gareji.

Ki taho da Malam. Ina bukatar mai riƙe mini kusoshi.

Yayanki