Ambulan Goma Sha Ɗaya a Jakar Gwaggo Hilda

Wenderby, 20 ga Fabrairu

Zuwa ga 'yata Bridget,

Kada ki karanta wannan wasiƙa a tsaye kina sauri, kada kuma ki nuna wa Gwaggonki Hilda. Tsakanina da ke ce.

Bayan haka, ina gaishe ki da kyau. Yaya jikin naki, tarin ya sake ki? Yaya maigidanki? Mu lafiya lau, sai gwiwar babanki da ke damunsa in ya taka zuwa makiyaya.

Zaɓen kwamitin da ke kula da makiyayar gari saura kwana tara, kuma bana babanki ba shi da tabbas da kujerar da ya riƙe shekara goma sha tara, don ɗan gidan Garbutt ya fito da ƙarfinsa. Ku 'ya'yan gari, da kuka gaji suna a littafin gari daga iyayenku maza, ku kaɗai ke da ƙuri'a. Ni da aure ya kawo ni, shekara arba'in ina garin nan, ba ni da ita. Ranar da aka buɗe littafin ga mata kuka yi rantsuwa ke da Hilda, ni na goge miki riga, na zauna a bencin baya ina kallo.

Ranar Asabar kin zo daga Leeds da takardar ƙuri'arki ta gidan waya, kika sha shayina, kika tsallaka titi gidan Hilda ta sa miki hannun shaida. Na san doka ta hana matar ɗan takara zama shaida. Ni na fara karanta wa babanki ita. Amma ko shawarata kin nema? Sai a shagon mai nama na ji, Hilda na ɗaga murya: "Matar yaya, bar mana harkar 'yan gari. Ke dai ki gasa mana kek ranar ƙidaya." Mata suka yi dariya. Na biya na fita.

Yanzu duk dangin da ke zaune nesa gidanta suke zuwa ta shaida musu, tana zuba musu shayi a kofunan kakarki da ya kamata a ce suna ɗakina. 'Yar da aka tarbiyya ba ta barin uwarta ta ji labarinta a kasuwa. Ki yi tunani.

Ki gaida maigidanki.

Mahaifiyarki,
Maureen

Wenderby, 3 ga Maris

Zuwa ga 'yata Bridget,

Ina fata kina lafiya, ke da mutanen gidan. Na ji kin kira sau biyu. Ban ɗauka ba, don abin da zan faɗa ya fi mini sauƙi a takarda.

Babanki ya faɗi da tazarar ƙuri'a huɗu. Akawun gari, Mista Pocock, ya ture ambulan goma sha ɗaya gefe ba tare da ya buɗe su ba, har da taki. Doka ta ce ƙuri'ar gidan waya sai ta iso da hatimin gidan waya a jikinta. Wadda aka kai da hannu ta ɓaci. Dangi sun bar wa Hilda ta aika musu, ita kuma ba ta yarda da masinjan gidan waya ba, sai ta zuba su duka a jakarta ta kai ofis da ƙafarta. A zauren ƙidaya ta yi ta cewa, "Haba Pocock, ofishinka taku hamsin ne daga ƙofata!" Ya ce, "Hilda, ko taku biyu ne, sai da hatimi."

Ga abin da ba ki sani ba. Ranar Talata ina bakin taga na gan ta ta fito, ambulan na leƙowa daga jakar. Na san inda ta nufa, na kuma san dokar. Akwai sauran kwana uku, kan sarki na cikin aljihun teburina. Kiranta kawai zan yi. Sai na tuna dariyar shagon mai nama, na tuna da ke zaune a falonta, na saki labule. So nake ta ji kunya a gaban 'yan garin nata. Ban lissafa cewa ƙuri'un babanki ne a jakar ba.

Jiya na gaya masa. Ya daɗe yana juya hularsa a hannu, sannan ya ce, "Maureen, da ni kika zaga, da ya fi mini sauƙi." Ya fita duba shanun da yanzu wani ne zai riƙa tsara musu kiwo.

Har yanzu ina jin zafin tsallaka titin da kika yi, ba zan yi miki ƙarya ba. Amma kishina ya fi kuskuren Hilda ɓarna, don ita ba ta sani ba.

Ki gaida maigidanki, ki kira babanki ranar Lahadi. Kuma ki sani, daga yau duk takardar ƙuri'a da ta shigo gidan nan, a teburina za a karanta dokarta da ƙarfi, kowa na ji, kafin a ɗauki alƙalami. Wanda kuma ya ga ɗan'uwansa zai yi kuskure ya ja bakinsa, ba zai zauna a teburin ba sai ya je ya nemi gafara. Ni zan fara: gobe da safe zan tsallaka titi.

Mahaifiyarki,
Maureen