Cibiyar Tana Bugawa Lokacin da Na Yanke Ta

Assalamu alaikum mai shafi da masu karatu. Don Allah a ɓoye sunana, kuma a karanta har ƙarshe kafin a yanke mini hukunci. Da ajami na fara rubuta wannan, sannan na juyar da shi boko da kaina a hankali, don kada kowa a gidanmu ya gani.

Ni ungozoma ce a wani ƙauye na ƙasar Jibiya, kusa da iyaka. Wurin kakata na koyi karɓar haihuwa. Abin da ta koya mini shi ne idan jariri ya faɗo bai yi kuka ba, a yayyafa masa ruwan sanyi, a riƙe ƙafafunsa a juye shi, a buga tasa kusa da kunnensa. Idan har yanzu shiru, to bai zo da rai ba.

Bara da damina matar ɗan yayana, wadda zan kira Hinde, ta yi naƙudar fari. Da hantsi ta haifi namiji, cikakke, amma laƙwas, ba kuka. Na yi ruwan, na juye shi, na buga tasa har ta lotse. Da na kama cibiya zan yanke, sai na ji tana bugawa tsakanin yatsuna, a hankali, kamar ta gaji. Na ɗauka jinin uwa ne ke janyewa. Hinde ta ɗago kai ta ce, "Gwaggo, mi ya sa ban ji shi ba?" Na ce, "Ki yi haƙuri ɗiyata, bai zo da rai ba." Na lulluɓe shi da zane. Tunda bai yi kuka ba, ba a yi masa sallah ba, ba a raɗa masa suna ba. Kafin azahar an rufe shi.

Watan jiya aka tara mu a Jibiya, ungozomomi da ma'aikatan lafiya, aka koya mana ceton jaririn da bai numfasa ba. Malamar jinya ta kawo jaririn roba da wata jaka mai murfi da ake kifawa a hanci da baki, a matsa iska ta shiga ƙirji. Ta ce a goge shi, a ɗumama shi, kada a kusance shi da ruwan sanyi, kuma minti na farko shi ne komai. Har tsokanata take yi, wai "Inna, matsa a hankali, ba kirɓa fura kike ba." Ina cikin dariya ta ce, "Ku taɓa gindin cibiya. In tana bugawa, zuciyarsa ce. Yaron nan yana da rai, iska kawai yake jira."

Alƙalamin da nake rubutu da shi ya faɗi daga hannuna. Zuciyarsa ce na riƙe? Yaushe ta tsaya, a ƙarƙashin zanena ko bayan an ɗauke shi? Na san ajali ba ya wuce lokacinsa, na karanta. Amma bakina ne ya ce ya mutu, alhali yatsuna sun ji akasin haka. Tun ranar, idan na ɗaga hannu zan yi kabbara sai in ji bugun nan a yatsuna. Me zan ce ranar da za a tambaye ni?

Yanzu Hinde na da ciki wata takwas. Na ce ta haihu a asibiti, domin can jakar take, mu ba a ba mu ba. Uwar mijinta ta ce, "Asibitin mi? Ke kika karɓi uban ɗan, wancan na fari kuwa Allah ne bai yi ba." Mijin ya bi bayan uwarsa. Ita Hinde ta riƙe hannuna ta ce, "Gwaggo, ni ke nike so. Ke kaɗai kika tsaya da ni ranar nan."

Ba abin da zai tura su asibiti sai gaskiya. In na faɗa, Hinde za ta san ɗanta yana da rai lokacin da na rufe masa fuska, ga ta da tsohon ciki. In na yi shiru, kuma wannan ma ya faɗo ba kuka, tasa kawai gare ni.

Saura makonni kaɗan. Don girman Allah, me zan yi?