A Buɗe Mana Filin Ƙwallon Unguwarmu

Zuwa ga Mai Girma Kansilan mazaɓarmu,

Ranka ya daɗe, ina gaisuwa tare da taya ka murnar hawa kujera. Sunana Rifkatu, mai tuwo a bakin ƙofar masaƙa a Kakuri. Na sha rana a layi na zaɓe ka. Tunda soja sun koma bariki an ce talaka ya samu bakin magana, to ga tawa.

Albishir tukuna: likitata ta duba ni makon jiya, ta ce babu alamar ciwon ya dawo! Waƙar yabo na riƙa rerawa a cikin bas, har kwandasta ya tambaye ni ko jika aka haifa mini.

Ciwon daji ne na mahaifa. Al'ada ta daɗe da ɗauke mini, sai ga jini ya dawo. Ni kuwa mace ce mai jiki, da ƙibata nake taƙama, don a garinmu alamar hutu ce. Aka yi aiki aka cire mahaifar, ɗinkin ya daɗe bai warke ba saboda kitsen ciki. Likitar ta ce, "Mama, kitsen nan yana cikin abin da ke jawo ciwon, kuma mai ƙarfin tsoka ta fi jure magani. Ki tashi ki riƙa tafiya."

Na fara zagaya filin ƙwallon unguwarmu da safe ni kaɗai, ana ta yi mini dariya. Sai maƙwabciyata Hajiya Lami ta biyo ni, sai matan zumunta na cocinmu, sai 'yan kasuwa. Ka gan mu muna tafe muna haki muna shewa! A nan wata ta ji labarina, ta ce ita ma tana ganin jini. Muka raka ta asibiti, aka gano nata da wuri.

Ga kokena.

Na ɗaya, an garƙame filin an ba masu buga bulo, wai da izinin ofishinka. Ba wanda ya tambaye mu.

Na biyu, mun koma bakin titi cikin tireloli da 'yan acaɓa. Hajiya Lami ta faɗa kwata garin kauce wa babur, ta daina fitowa, wasu ma suka janye.

Na uku, na je ofishinka, sakatare ya ce in motsa jiki muke so mu je mu yi daka.

Muna roƙo a samar wa masu bulo wani wuri, a cire kwaɗon nan, a kuma turo mana nas ta riƙa yi wa mata bayani a filin. Ranar buɗewa ka zo da takalmin roba, Ranka ya daɗe, don mun ga tumbinka a hoton zaɓe.

Allah ya ba ka lafiya da kunnen sauraro, ya kare matan gidanka daga abin da na gani.

Wassalam,
Rifkatu mai tuwo, Kakuri.