Burodin 'Yan Dubiya

Kaura Namoda

Zuwa ga ƙanena Jibrin,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da mutanen Shinkafi. Yaya ƙafar taka?

Ka tambayi jikin tsohuwata Saliha, abokiyar wasanka. Tun da ɗanmu Bilyaminu ya ɗauko mu daga Gurbin Bore ya ajiye mu gidansa, ya rantse mun gama wahalar tuwo. Da safe shayi da burodi, da rana taliya. Ni na yi kumatu. Ita kuwa sai ciwon kai da gaɓoɓi da ƙuraje a gwiwar hannu, ga kasala. Ciki dai lafiya lau, shi ya sa ba wanda ya zargi abinci.

Abin da ke tsorata ni shi ne kanta. Ta ce tana jin ta kamar mai tafiya cikin gulbi, ruwa har wuya, muryoyinmu na zuwa daga wancan ƙetare. Matar da take riƙe jikoki da tatsuniya har tuwo ya huce, yanzu sai ta kai yarinyar labarin bakin rijiya ta tsaya, tana kallon bango. Yarinyar nan tana can tsaye tun kaka. Ina gudun wata rana Saliha ta ƙetare gulbin nan ta bar ni.

'Yan dubiya kuwa, Allah ya saka musu, ba mai shigowa hannu sake. Kowa da burodinsa, ni kuma ina tsoma mata a shayi ina lallashi.

Ka sa mu a addu'a.

Yayanka,
Rufa'i


Kaura Namoda

Jibrin,

Ina gaishe ka, ina gaida yara. Ya damina?

Mun ga likita. Bayan awo da tambayoyi, ta ce akwai wani sinadari cikin alkama, gulutin, wanda jikin wasu ba ya karɓa, kuma ba lallai ya tsaya a ciki ba, yana iya taɓa fata da gaɓoɓi har da tunani. Ta ce a janye alkama a gani. Ashe duk wanda ya fi ƙaunarta shi ya fi kawo mata ciwon, har da kai da alkakinka.

Aka koma gero da dawa. Burodin dubiya ba a mayar wa mutum, saboda haka ni nake cinyewa, sadaukarwa ce. Sannu a hankali ƙurajen suka bushe, ruwan nan ya fara janyewa.

Jiya da la'asar jikoki suka matsa, na ɗauki tatsuniyarta zan ƙarasa. Na sa yarinyar ta jefa guga. Sai na ji muryar Saliha daga bayana, tas, tana cewa tsohon nan ƙarya yake, yarinyar ba ta zo da guga ba. Ta ture ni daga tabarma ta kai yarinyar gida da kanta.

In za ka zo, ka zo da fura.

Naka,
Rufa'i